Saita Manhajar Imel a Kwamfuta da Waya: Tambayoyin da Ake Yawan Kawo Mini Shago

Shagona na gyaran kwamfuta da buga takardu yana cikin garin Kano, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai shigo da kwamfuta a hammata yana cewa "Malam, imel ɗina ya ƙi" ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari mai jiran takardun kaya daga Sin, ɗalibar Jami'ar Bayero da malaminta ya ce ta turo babi na uku kafin Juma'a, sakataren ƙungiya da aka miƙa wa sabon adireshi babu bayani, duk matsalolin su ne su ne. Na tara su a nan, na sa musu lamba don wata amsar ta riƙa tura ka ga wata.

1. Ina buɗe Gmail ɗina a burauza lafiya lau. Mece ce kuma manhajar imel?

Riƙe wannan tukuna, don sauran amsoshin a kansa suke tsaye: wasiƙunka ba a cikin wayarka ko kwamfutarka suke zaune ba. Suna can kan wata babbar kwamfuta ta kamfanin da ya ba ka adireshin, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Duk wanda ya taɓa riƙe akwati a babban gidan waya ya san tsarin: akwatin yana can, makulli yana hannunka. In ka buɗe burauza, kai ne ka taka da ƙafarka ka je ka leƙa. Manhajar imel kuwa ɗan aike ce da ka danƙa wa makullin, ta ɗauko maka naka, ta kai wanda ka rubuta.

Abin da ta riga ta sauke yana nan ko sabis ya ɗauke. Za ka karanta, ka rubuta amsa, ta ajiye har sabis ya dawo sannan ta tura. Mai adireshi uku kuma, na Gmail da na Yahoo da na wurin aiki, zai gan su a wuri guda. In adireshinka ɗaya ne kuma a waya kaɗai kake dubawa, manhajar Gmail da ta zo da wayar ta ishe ka.

2. Wace manhaja zan ɗora?

A kwamfuta ni Thunderbird nake ɗora wa mutane. Kyauta ce, daga gidan Mozilla masu Firefox ta fito, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tun 2024 akwai ta a Android. Outlook ma tana da kyau in ofishinku ya sayi Office na gaske. Abin da ba na so shi ne tsohuwar Outlook ta 2007 ko 2010 da ake loda wa kwamfutocin hannu tare da sauran tarkace, don ba ta san sabuwar hanyar shiga ba, kuma ita ce ke kai mutane ga tambaya ta 8. Manhajar Mail ta cikin Windows 10 kuwa, Microsoft ya daina kula da ita a ƙarshen 2024, ya maye gurbinta da sabuwar Outlook.

3. Me zan tanada kafin in fara?

Cikakken adireshinka har da abin da ke bayan alamar @, kalmar sirrinka, da wayar da layin da ka yi rajista da shi yake ciki, don za a iya turo maka lamba. Duba kwanan wata da agogon kwamfutar su zama daidai. Dalilin yana tambaya ta 10. In imel ɗin kamfani ne, karɓi sunan saba daga wanda ya haɗa muku shafin.

4. An ce in zaɓi IMAP ko POP3. Wanne ne daidai?

IMAP. In kana sauri, amsar ke nan. Duka biyun hanyoyi ne na ɗauko wasiƙa daga saba, amma halinsu ya sha bamban. POP ya girmi IMAP kaɗan, ya fito a 1984, zubinsa na uku da ake amfani da shi yau kuma a 1988, lokacin da mutum yake da kwamfuta ɗaya tal kuma wurin ajiya a saba yake da tsada. Don haka aikinsa na asali shi ne ya kwashe wasiƙu ya kawo gida, ya bar akwati fayau. IMAP kuwa, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1986, barin wasiƙun yake a saba, yana nuna maka kwafinsu. Ka karanta a waya, kwamfuta ta nuna an karanta. Ka tura daga shago, ka gan shi a cikin waɗanda aka tura in ka koma gida.

Wani Alhaji mai harkar atamfa ya taɓa kawo mini kwamfutar ofishinsa da ta ƙi tashi bayan wuta ta yi sama da ƙasa. Faifan ajiyarta ya ƙone. Muka shiga akwatinsa ta burauza da tunanin komai yana nan, sai muka tarar da wasiƙun kwana biyu kacal. Da POP3 aka saita masa, shekara da shekaru manhajar tana kwashewa tana tarawa a faifan nan guda. Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ni dai tun ranar ba na saita wa kowa POP3 sai da ƙwaƙƙwaran dalili, misali akwatin kamfani ne ƙarami mai saurin cika. Ko a nan ma sai na kunna zaɓin barin kwafi a saba na wasu makonni, na kuma ce a riƙa kwafe wasiƙun a wani faifan daban.

IMAP ma yana da nasa tarkon. Abin da ka goge a waya ya gogu a ko'ina, don akwati ɗaya kuke kallo. A Gmail yana zama a kwandon shara kwana 30, daga nan ya tafi ke nan.

5. SMTP kuma fa? Me ya sa ake tambaya ta saba biyu?

Don karɓa da aikawa ƙofofi biyu ne daban. IMAP ko POP3 na shigowa ne, SMTP na fita. Tsohon tsari ne, Jon Postel ya rubuta ƙa'idarsa tun 1982, kuma har gobe a kansa kowace wasiƙa take tafiya. Tunda ƙofofin biyu ne, ɗaya na iya buɗewa ɗaya ta cije, shi ya sa za ka ga mutum yana karɓa amma ba ya iya turawa. Maganin wannan yana tambaya ta 9.

6. Yaya ake saitin, daki-daki?

A Thunderbird, farkon buɗewa za ta nemi sunanka da adireshinka. Sunan shi ne wanda masu karɓa za su gani, don haka rubuta shi yadda kake so banki ko jami'a su gan shi, ba laƙabin majalisa ba. Danna Continue, ita da kanta za ta nemo saitin Gmail ko Yahoo ko Outlook. Zaɓi IMAP ka ci gaba. Wata taga za ta buɗe da shafin kamfanin imel ɗin, ka sa kalmar sirri a nan, ka amince da lambar da aka turo wa wayarka, ka danna Allow. Shi ke nan. A Outlook ta cikin Office kuwa File za ka shiga, sannan Add Account. A manhajar Gmail ta waya, taɓa hotonka na sama a dama, ka zaɓi Add another account. Tana karɓar Yahoo da Outlook da imel ɗin kamfani ma.

Kada ka tashi sai ka gwada. Tura wa kanka wasiƙa, ka ga ta fita ta dawo. Sannan ka tura wa wani mai adireshin wani kamfani daban, ka ce ya amsa.

7. Manhajar ta kasa gano saitin da kanta. Me zan rubuta da hannu?

Kowace saba tana da suna da lambar ƙofa, wadda manhaja take rubutawa Port. Lambobin kusan iri ɗaya ne ko'ina: IMAP 993, POP3 995, dukansu da SSL/TLS, wato kariyar da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da saba. SMTP kuma 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS, wani salon wannan kariyar. Kada ka cakuɗa su. 465 da STARTTLS ba sa tafiya tare, manhajar za ta yi ta juyi har ta gaji. Lambobi 110 da 143 tsofaffin ƙofofi ne da ke iya barin kalmar sirrinka ta wuce a buɗe in ba a kunna musu kariya ba, ka bar su kawai.

Na Gmail, shigowa imap.gmail.com, fita smtp.gmail.com. Na Yahoo, imap.mail.yahoo.com da smtp.mail.yahoo.com. Na Outlook.com da Hotmail, shigowa outlook.office365.com, fita smtp-mail.outlook.com a ƙofa 587, kuma ka leƙa saitin akwatin ta burauza ka tabbatar IMAP a kunne yake. A gurbin Username sa cikakken adireshi, ba rabinsa ba. In ka ci karo da tsohon bayani mai cewa sai ka kunna IMAP a saitin Gmail, wuce shi: tun farkon 2025 a kunne yake koyaushe. POP ne har yanzu sai ka kunna da kanka.

8. Wallahi kalmar sirrina daidai ce, a burauza tana shiga, amma manhaja tana cewa kuskure ne.

Na yarda, ba sai ka rantse ba. Wannan ce tambayar da ta fi kowacce yawa, kuma laifin ba naka ba ne. A da manhaja tana karɓar kalmar sirrinka ta miƙa wa saba kai tsaye. Google ya rufe wannan hanyar ga asusun mutane a ƙarshen Mayun 2022, Microsoft ma ya rufe ta ga masu Outlook.com da Hotmail a Satumban 2024. Yanzu ana amfani da tsarin da ake kira OAuth2: ka shiga a shafin kamfanin da kanka, su kuma su ba manhajar wata takardar izini, ba tare da ta riƙe kalmar sirrinka ba. Ita ce tagar nan da na ambata a tambaya ta 6. Don haka sabunta manhajarka, ka shiga saitin sabar, a gurbin Authentication method ka zaɓi OAuth2, a ɓangaren shigowa da na fita duka.

In manhajar ta tsufa ba ta san OAuth2 ba, ko kuma injin sikanin ofis ne kake so ya riƙa tura takardu, Google yana ba da kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16, wadda yake kira App password. Ba za ka ga wurinta ba sai ka kunna tabbaci mai mataki biyu a asusunka, wato bayan kalmar sirri a nemi ƙarin shaida daga wayarka. Ka ƙirƙire ta, ka liƙa ta a manhajar a madadin kalmar sirrinka ta kullum. Yahoo ma yana da irinta a shafin tsaron asusu. Ka sani, ranar da ka canza babbar kalmar sirrinka ta Google, waɗannan ƙananan duk sun mutu, sai ka sake wasu.

9. Ina karɓa amma ba na iya turawa.

Matsalar tana ƙofar fita. Fara da lambar: in ka ga 25, canza ta zuwa 587 ko 465. Ƙofa 25 ta tsakanin saba da saba ce, kuma kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta saboda masu watsa wasiƙun banza. Sai ka duba ko an gaya wa manhajar cewa fita ma tana buƙatar suna da kalmar sirri. A Outlook wani ɗan akwati ne cikin More Settings, ƙarƙashin Outgoing Server, da mutane ke mantawa ba su sa masa alama ba. Leƙa Outbox kuma, wani lokaci wasiƙa ɗaya mai ƙaton fayil ce ta tsaya a ƙofa ta tare na bayanta. Duba tambaya ta 13.

Karanta lambar da ke cikin saƙon kuskuren. In 535 ce, sabar ba ta yarda da suna ko kalmar sirri ba, koma tambaya ta 8. In wasiƙar ta fita ta dawo da 550, galibi adireshin da ka rubuta ne babu shi. Harafi ɗaya ya isa: na sha ganin gmial a madadin gmail.

10. Tana nuna mini gargaɗi kan satifiket na tsaro. In danna in wuce?

Dakata, kalli agogon kwamfutar tukuna. Yawancin kwamfutocin da ake saya na hannu sun daɗe, kuma a cikinsu akwai ɗan batiri kamar kwabo, CR2032, mai riƙe kwanan wata in an kashe na'ura. In ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta kwamfutar tana komawa wata tsohuwar shekara, sai ta ga satifiket ɗin sabar kamar lokacinsa bai zo ba. Gyara kwanan wata, ka sa yankin lokaci na Afirka ta Yamma, ka sayi batirin a canza. Ba shi da tsada.

In agogo daidai yake, to wataƙila sunan sabar da ka rubuta bai dace da wanda ke jikin satifiket ɗin ba, abin da ya fi faruwa da imel ɗin kamfani. In kuwa a wayfay ɗin otal ko wani wurin taro kake, kada ka amince da gargaɗin. Koma datar wayarka ka sake gwadawa.

11. Namu imel ɗin kamfani ne mai .com.ng. Saitinsa daban ne?

Lambobin ƙofa iri ɗaya ne da na tambaya ta 7, sunan saba ne ya bambanta. Galibi kalmar mail ce a gaban sunan shafinku, kamar mail.sunankamfani.com.ng, a shigowa da fita duka. In masu ajiye muku shafin suna amfani da cPanel, wato allon sarrafa shafin, shiga Email Accounts, ka danna Connect Devices a gefen adireshinka, za ka ga saitin a rubuce. Shi za ka bi, ba zato ba.

Abu biyu ke damun masu irin wannan imel, kuma ba daga manhaja suke ba. Sunan .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da rajistarsa, haya ce ta shekara-shekara. In ta ƙare ba a sabunta ba, wasiƙu suna daina shigowa ɗif. Na biyu, in wasiƙunku suna faɗawa kwandon banza na masu Gmail ko suna dawowa, ce wa mai kula da shafin ya duba SPF da DKIM. Waɗannan ne shaidar cewa wasiƙar daga gidanku ta fito, kuma tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kansu.

12. Na saita, sai data ta ƙare cikin awa ɗaya.

Manhajar ta ɗauka kana so ta sauke duk abin da ke akwatinka tun ranar da ka buɗe shi, har da hotunan bikin da aka turo maka shekara goma da suka wuce. A Thunderbird shiga Account Settings, sannan Synchronization & Storage, ka ce ta riƙe na kwana 30 na baya kawai, ka kuma hana ta sauke manyan wasiƙu sai ka buɗe su. Sauran suna nan a saba, ba su ɓata ba. Saukewar farko ce mai cin data. In da hali yi ta inda akwai wayfay.

13. Fayil mai girman nawa zan iya maƙalawa?

Iyakar Gmail da Yahoo megabait 25 ce. Amma fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku in an shirya shi don tafiya ta imel, kuma sabar mai karɓa tana iya samun tata iyakar ƙasa da taka. In ya haura 15, ni Google Drive nake ɗora shi in tura mahaɗin. Masu sikanin takardun makaranta, ku rage ƙarfin sikanin. Shafi biyar na satifiket bai kamata ya kai megabait 20 ba.

14. A waya, wasiƙa ba ta shigowa sai na buɗe manhajar.

Wayoyin Android suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don batiri ya daɗe. Cire manhajar imel daga cikin waɗanda ake takura wa a saitin batiri, ka ba ta izinin amfani da data a bayan fage, ka tabbatar Auto-sync a kunne yake.

In ko ka buɗe ma babu abin da ke shigowa, duba ko akwatin ya cika. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na Gmail da Drive da Photos ne a haɗe, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta Android ma a ciki ake lissafa ta. Bidiyoyin guruf na dangi kaɗai sun isa su cinye ta. Da ta cika, ba karɓa ba turawa, kuma masu rubuto maka suna samun wasiƙunsu suna dawowa.

15. Zan iya rubutu da ƙ da ɗ da ɓ? Wasu suna cewa alamar tambaya suke gani.

Za ka iya, a kan wasiƙa da cikinta da sunanka. Manhajojin yanzu da UTF-8 suke rubutu, kuma yana ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa har da ajami. In mai karɓa yana ganin alamar tambaya ko wasu birkitattun haruffa, tsohuwar manhaja ce a ɗayan ɓangarorin. In taka ce, nemi gurbin Encoding ka mayar da shi UTF-8. A waya, madannin Gboard yana da Hausa. Adireshin kansa ne ba ya ɗauka: Gmail haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi da ɗigo kawai yake karɓa.

16. A shago aka buɗe mini imel ɗin lokacin rajistar JAMB, ban san kalmar sirrin ba. Yanzu zan canza waya.

Kada ka saki tsohuwar wayar tukuna, don ita ce kaɗai shaidarka a yanzu. Shiga saitin asusun Google daga cikinta, ka duba lambar waya da adireshin da aka sa na dawo da asusu. Sau da yawa lambar yaron shagon ce, shi kuma ya daɗe da barin aikin. In ya ba ka dama, mayar da ita taka, sannan ka bi hanyar manta kalmar sirri ka sa sabuwa tun wayar tana hannunka, don Google ya fi yarda da na'urar da ya saba gani. Wannan adireshin zai bi ka har rajistar bautar ƙasa da neman aiki, bai kamata makullinsa ya kwana a aljihun wani ba, ko da aljihuna ne. In na saita wa mutum, allon nake juya masa ya rubuta kalmar sirrinsa da hannunsa.

Bayan ka kunna tabbaci mai mataki biyu, sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda ka adana tare da takardunka na makaranta. Su za su shigar da kai ranar da waya ta ɓata ko layi ya rufe. Kada kuma ka bar layin ya daɗe ba a amfani da shi, don kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka yi watsi da shi.

A sabuwar wayar bi tambaya ta 6. Tunda wasiƙun suna saba, duk za su bayyana. In za ka kai tsohuwar wayar kasuwar Farm Centre ka sayar ko ka yi musaya, cire asusunka daga cikinta ta Settings kafin ka goge ta. In aka goge ta da asusun a ciki, tana iya kullewa ta ce sai an sa kalmar sirrin mai ita na farko, kuma mai sayen kai zai dawo nema.